Ƙwaro ma sai mai kyau ake ceto?

Tun Disambar 2024, da hukumar kula da namun daji ta Amurka ta ba da shawarar saka malam-buɗe-littafin nan da ake kira monarch cikin halittun da ke fuskantar barazana, ake ta kururuwa kamar shi kaɗai ne ƙwaron da ke cikin halin ni-'yasu. Kowa ya haddace labarinsa: fukafukai ruwan goro, da tafiyar kusan kilomita 4,000 daga Kanada zuwa tsaunukan Meziko. Yana raguwa, babu musu, domin maganin kashe ciyawa ya share tsiron da tsutsarsa ke ci, ɗan uwan tumfafiyarmu. Amma ko IUCN, ƙungiyar duniya mai kula da kare halittu, da ta ce a 2022 yana cikin haɗarin ƙarewa, a 2023 ta sassauto da matsayinsa.

To, ina labarin ƙudan zuman jeji mai tabon tsatsa a gadon baya, wato Bombus affinis? Ya ragu da kusan kashi 87 cikin 100 tun ƙarshen shekarun 1990. An sa shi a jerin masu dab da ƙarewa a 2017, amma a 2020 hukumar ta ƙi keɓe masa muhalli, sai da kotu ta yi watsi da hujjarta a 2023. Wa ya ji an buga masa ganga?

Alhali shi ne ma'aikacin. Furen tumatir ba ya sakin ƙurarsa, wadda ke sa shi ya yi 'ya'ya, da sauƙi. Sai wannan ƙuda ya cafke furen, ya kaɗa jikinsa da ƙarfi har ƙurar ta zubo masa a ciki, ya ɗauka ya kai wa na gaba. Ƙudan amya bai iya wannan ba. Monarch kuwa tsotsar zaƙi yake yi ya wuce, abin da yake ɗauka kaɗan ne. Laifin ƙudan jeji kawai bai da kyawun da za a buga a riga.

Masu cewa kare monarch zai amfani sauran ƙwari suna yaudarar kansu ne, ƙudan da ke sheƙa a ramin ɓera ba ruwansa da dajin Meziko. Masu cewa a ƙara yawan amya kuma sun fi ban haushi, don ƙudan kiwo yana kwashe abincin na jeji, yana kuma iya shafa masa cuta.

Tarayyar Turai ta hana amfani da magungunan ƙwari uku na ajin neonicotinoid, masu cutar da ƙudan zuma, a gonaki tun 2018. A Amurka har yanzu ana shafe irin masara da su kafin a shuka. Daga nan ya kamata a fara.