Lissafin Kwamfuta Bai San Zafin Rufin Kwano Ba

Tun da aka ba masu AlphaFold, manhajar da ke hasashen siffar sinadaran furotin, kyautar Nobel a 2024, kusan kullum sai an kawo mana labarin cewa ƙirƙirarriyar basira ta tace miliyoyin ƙwayoyin sinadari, ta zaƙulo wanda zai kori silikon daga farantin sola. Abin ya kai ni maƙura, domin mun taɓa jin wannan waƙa, mun kuma ga inda ta tsaya.

Solan da ake magana a kai na kabon ne, siriri kamar leda, ana naɗe shi, ana iya buga shi yadda ake buga jarida. Shekara kusan ashirin ginshiƙinsa shi ne C60, ƙwayoyin zarra na kabon guda 60 da suka dunƙule da siffar ƙwallon ƙafa, wanda Kroto da Curl da Smalley suka gano a Jami'ar Rice ta Amurka a 1985. A 1995 aka yi masa kwaskwarima ya zama PCBM don ya riƙa narkewa. Aikinsa ɗaya ne: haske ya bugi abokin haɗinsa, wato sinadarin da ake cakuɗa su tare, shi kuma ya cafe lantarkin da ya fito.

A 2013 Jami'ar Harvard ta fitar da lissafin ƙwayoyi miliyan 2.3, wanda aka yi da kwamfutocin 'yan sa-kai ta hanyar kamfanin IBM. Aiki ne babba, ban raina shi ba. Amma an gina lissafin ne bisa zaton PCBM zai ci gaba da zama abokin haɗi. Sai ga Zhan Xiaowei na Jami'ar Pekin da sinadarin ITIC a 2015, sannan Zou Yingping ta birnin Changsha da Y6 a 2019, wanda ya mayar da kashi 15.7 cikin ɗari na haske zuwa lantarki. Dukansu babu ƙwallon kabon a ciki. Masu haɗa sinadari da hannunsu ne suka kai fannin kusan kashi 20 da ake taƙama da shi yau, ba wancan jerin ba.

Dalilin a fili yake. Hanyar lissafin da aka fi amfani da ita, wadda ta jawo wa Walter Kohn Nobel a 1998, galibi ƙwaya ɗaya tilo ake ba ta ta auna, babu maƙwabci, babu iska, babu zafi. A cikin faranti kuwa ƙwayoyin a cakuɗe suke, kuma ƙarfin da haske ya tayar yakan mutu idan bai tarar da abokin haɗi ba cikin nanomita 10 zuwa 20 (nanomita miliyan ɗaya ne ke yin milimita ɗaya). Ke nan damun shi ne komai. Idan zafi ya yi yawa PCBM gudaji yake yi, kamar kunun da aka dama da gaggawa, wutar ta ragu. Iskar shaƙa da hasken ranar kansa suna cin sauran.

Ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya: a ma'aunin zafi 25 ake auna kason da ake shela. Farantin da ke kan rufin kwano a Sakkwato ko Agadas a watan Afrilu yana haura 60. Mai silikon yana ba ka garantin shekara 25. Kamfanin Konarka na Amurka, da ya yi alkawarin solan leda, ya durƙushe a 2012, kuma ƙarancin wuta da gajeren rai na cikin abin da ya kayar da shi.

Masu cewa kwamfuta na rage kuɗin gwaji, wa ya musa? Tambayar ita ce me aka sa ta lissafa. Ana sa ta abin da ya fi sauƙi, wanda kuma ke samar da kanun labari mai miliyoyi, an bar mai wuyar.

A karkata ƙarfin kwamfutocin nan zuwa yadda ƙwayoyin ke cakuɗuwa da yadda suke tsufa. Mujallun kimiyya da masu ba da kuɗin bincike kuma su daina karɓar kowane kaso sai an haɗo musu da awa nawa farantin ya yi cikin zafi kafin ƙarfinsa ya fara raguwa.