Ku Da Kuka Cire Usur Daga Wuyan Dattijo

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan la'asar, na tsaya a filin firamaren unguwarmu ina kallon wasan kusa da na ƙarshe na kofin gunduma. An ci yaranmu biyu da ɗaya. Alƙalin wasa bai gama barin fili ba sai na ga samari sun yi wa Baba Koci zobe, ana ta "Ba ma yi! Sai ka sauka!" Wani yaro, wanda na san ranar sunansa, ya miƙa hannu ya cire usur daga wuyan dattijon nan, ya ce masa, "Baba, ka tsufa, ƙwallon yanzu ta wuce kanka." Baba bai ce uffan ba. Ya je ya kwance ragar da ya saya da kuɗinsa, ya naɗe ta a hankali, ya ɗaure a bayan babur da tsohuwar roba, ya tattara ledojin ruwan da kuka sha kuka watsar, sannan ya tafi.

Ƙannena, wallahi na ji kunya kamar ni na yi. Mutumin nan ya fi shekara 20 a filin nan. Shi ke wanke muku riguna, shi ke bin iyayenku gida gida yana roƙon a bar ku ku fito atisaye, shi ya kai wasunku wajen mai ɗori a kan babur ɗin nan. Wasa biyu kuka faɗi a bana, shi ke nan ya zama ba shi da amfani?

Da na koma gida sai wani tsoho ɗan Amurka ya faɗo mini a rai, Dusty Baker. Ƙanina da ke zaune a Houston ne ya saba mini da wasansu na besbol, wanda ake jefo ƙaramar ƙwallo, mutum ya doke ta da kulki ya ruga da gudu. Ba sai kun iya wasan ba. Abin da nake so ku riƙe shi ne kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a kaka guda, kuma wadda ta fi kowa ma takan sha kashi sau hamsin zuwa sittin. Da ku ne magoya baya a can, da kullum sai kun kori koci kafin sallar isha'i.

Baker ya fara jan ragamar ƙungiyar San Francisco Giants a 1993. A shekararsa ta farko ya ci wasa 103, amma ko zagayen fitar da gwani bai shiga ba, domin Atlanta ta ci 104. Wasa ɗaya tak. A 2002 ya kai gasar ƙarshe da suke kira World Series, inda wanda ya riga cin wasa huɗu cikin bakwai yake ɗaukar kofi. Yana da uku a hannu, a wasa na shida yana gaba da biyar da nema har wasa ya yi nisa, kofi na ƙamshi, sai aka farke aka ci shi shida da biyar. Washegari aka ƙarasa shi. Shekarar da ta biyo ya koma Chicago Cubs, ƙungiyar da rabonta da kofi tun 1908. Nan ma ya kai su bakin ƙofar wasan ƙarshe, suna gaba da uku da nema, saura ƙiris, aka zuba musu takwas a zubi ɗaya. Ku da kwallo ɗaya ta sa kuka zagi sa'an ubanku, ku auna wannan.

Kada wani ya ce mini ai Turawa ba sa kora. Suna yi. Cincinnati ta sallame shi a 2013. Washington ta ƙi sabunta masa kwantiragi a 2017, bayan ya zo na ɗaya a rukuninsa shekara biyu a jere. 'Yan jarida sun yi ta rubuta cewa tsohon yayi ne, ba ya iya cin babban wasa. Amma masu ƙungiya ne suka sallame shi. Ban taɓa jin cewa yaran da ya horar sun yi masa zobe a fili sun ci mutuncinsa ba. Wannan ɗabi'ar ce ke ci mini rai, wanda ka ci daga hannunsa ka juya ka sare hannun. Butulci ke nan, ko an sa masa riga an kira shi kishin ƙungiya.

To, ku ji yadda Allah yake lamarinsa. A ƙarshen 2019 asirin ƙungiyar Houston Astros ya tonu. An gano cewa a 2017, shekarar da suka ɗauki kofi, sun yi amfani da kyamara suna satar alamun da abokan karawa ke yi wa juna da yatsu, sai a buga kwandon shara don a sanar da mai kulki irin jifar da ke tafe. A farkon 2020 aka kori koci da babban manaja rana ɗaya. Duk filin da suka shiga sai ihu da tsinuwa. Wa suka nemo ya wanke musu fuska? Ba matashi mai kwamfuta ba. Tsoho ɗan shekara 70 suka ɗauko daga gida, domin kowa ya san shi da mutunci. Da tsohuwar zuma ake magani. A 2021 ya kai su wasan ƙarshe, Atlanta ta sake taka shi. Sai ranar 5 ga Nuwamba 2022 suka doke Philadelphia, ya ɗauki kofinsa na farko a matsayin koci yana da shekara 73, a kakarsa ta 25. Ba a taɓa samun kocin da ya kai shi tsufa ya ci kofin ba.

Na kalli bidiyon ya fi sau goma. Mutumin da aka sani kullum da tsinken sakace a baki, lokacin da aka cafe ƙwallon ƙarshe fili ya kaure, shi kuwa ya duƙa yana cike takardar lissafin wasa da alƙalami, sai da mataimakansa suka rufe shi da runguma suna kiran sunansa. Shekara kusan talatin yana jiran wannan daƙiƙar, amma sai da ya rubuta abin da ya kamata ya rubuta. Mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romonsa. Ya yi ritaya bayan kakar 2023 da nasara 2,183, shi ne baƙar fata na farko da ya haura 2,000, kuma ƙungiya biyar ya kai zagayen fitar da gwani. Faɗuwarsa kuwa ta haura 1,800. Da a filinmu yake, sau nawa ke nan za ku cire masa usur?

Ni na san inda ciwon yake. Rabin waɗanda suka fi ɗaga murya ran nan ba ƙwallo ce ta dame su ba, caca suka buga. Yanzu har wasan unguwa ana zuba kuɗi a kai, ban da wadda ake yi a waya da daddare. Yaro ya sa kuɗin cefanen uwarsa a kan Arsenal, ya tashi da safe yana huci, yana neman wanda zai huce a kansa. Ga masu ɗaukar bidiyo. Na ga wayoyi sun fi biyar a sama lokacin da ake wulaƙanta Baba, ba wanda ya ce a bari, kowa na tunanin yadda zai ɗora a TikTok. Kai, Allah ya shirya. Kuma halin nan bai tsaya a fili ba. A kai yaro gareji, wata uku ya ce maigida bai iya aiki ba. A kai shi wajen tela, bai iya sa maɓalli ba ya fara zancen buɗe shago. Sauri ya haifi nawa. Ku da kuke ihun Manchester United a gidan kallo, kun san Ferguson ya zo a 1986, bai ɗauki kofi ko ɗaya ba sai 1990, gasar lig kuwa sai 1993?

Ban ce Baba ba ya kuskure ba. Ni ma na ga canjin da ya yi a zagaye na biyu ban gamsu ba. Amma akwai yadda ake gaya wa babba magana. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, in kuwa yaron ne ya hango, ai sai ya je gida ya durƙusa ya faɗa. Ku gyara, ku nemi afuwa, ku san yadda za ku yi.

A zamaninmu ko takalmin koci ba ka isa ka tsallake ba. In an ci mu, mu muke ɗaukar raga da tuluna mu bi bayansa shiru har ƙofar gidansa, ya ce Allah ya kai mu gobe, mu ce amin. In ka ɗaga masa murya, kafin ka isa gida labari ya riga ka, kuma maƙwabci ma yana da ikon ya zane ka, ubanka ya yi masa godiya. Yanzu ina waɗannan maƙwabtan? Muna tsaye a wurin, mu manya, mun fi goma, hannu a aljihu. Ni ma ban buɗe baki ba sai da ƙurar babur ta lafa.

Jiya da yamma na bi ta filin. Turakun nan biyu suna tsaye babu raga, awaki na kiwo a tsakiya. Wasu ƙanana su shida, waɗanda ba su san abin da yayyensu suka yi ba, suna zaune a kan katanga da takalmansu a rataye a wuya. Ɗaya ya taso ya gaishe ni, ya ce, "Kawu, Baba Koci ba shi da lafiya ne?"