Kaska a kunnen kwikwiyon Masar

Wallahi wannan labari ya taɓa ni. An ruwaito cewa masu bincike daga Faransa sun duba gawar wani kwikwiyo da aka busar aka adana a El Deir, cikin hamadar Masar, tun zamanin mulkin Rumawa, suka iske kaska 61 maƙale a gashinsa da cikin kunnensa, har da wani ƙuda mai shan jini. Duk wanda ya taɓa kiwon kare ya san wannan kaskar, ja-ja ce, idan ta ƙoshi ta kumbura kamar ƙwayar wake. Ni kaina na rasa kwikwiyo saboda ita. Dasashinsa ya yi fari fat, ya daina cin abinci, kafin mu kai shi wurin likitan dabbobi jini ya ƙare.

Shi ya sa ban yarda da masu cewa wannan bincike ɓarnar kuɗi ba ne. Kaska tana ɗauke da cututtukan jini, kuma gawarwakin karnuka ɗaruruwa ne a wurin, waɗanda ake jin an kiwata su ne don hadaya ga gumaka. A cikinsu za a iya gano daɗewar cutar tare da kare. Don Allah a bibiyi ko an gwada cikin kaskar kanta.