Daga hauren giwar Buba Njida zuwa fiffiken kifin shak

Makon jiya a bakin ruwan Lagdo da ke arewacin Kamaru na nuna wa wani dattijon masunci bidiyo a wayata, inda wasu mutane a jirgin ruwa suka jawo shak, wani babban kifin teku mai farautar sauran kifaye, suka yanke masa fuka-fukai da wutsiya, sannan suka tura shi teku da ransa. Ya daɗe bai ce uffan ba, daga baya ya ce, "Ɗana, naman fa?" Na ce masa, "Baba, naman ba shi da tsadar da za su ba shi wuri a jirgi." A gefenmu kuwa mata suna ta gyaran karfasa da tarwaɗa don yin banda, ko kan kifi ɗaya ba su yar ba.

Na san za a ce ina ruwan mutumin Garwa ko Marwa ko Kusuri da kifin teku. Da ruwanmu, domin mun taɓa ganin irin wannan ta'asa a ƙasarmu. A farkon 2012 mafarauta a kan dawakai suka shiga gandun dajin Buba Njida, suka kashe ɗaruruwan giwaye, suka sare haure, suka bar wa ungulu sauran. A gandun dajin Zakuma na ƙasar Cadi, giwaye sun ragu daga kimanin 4,000 a 2002 zuwa wajen 450 a 2010. Ba yunwa ce ta jawo wannan kisa ba, wata kasuwa ce mai nisa take biya.

Haka lamarin shak yake. Ana busar da fiffiken a kai shi kasuwannin Asiya, musamman Hong Kong, don wata miya ta alfarma da ake sha a bukukuwa. Kifin da aka jefar ba ya iya iyo, sai ya nutse yana zubar da jini har ya mutu, abin da addininmu ya hana ta fuska biyu, azabtar da dabba da almubazzaranci. Wani bincike na 2013 ya ƙiyasta cewa ana kashe shak kusan miliyan 100 duk shekara, wani kuma na 2021 ya nuna cewa shak da danginsa na tsakiyar teku sun ragu da kashi 71 cikin 100 tun 1970. Ga shi dabba ce mai jinkirin balaga da ƙarancin haihuwa, kamar dai giwa.

Ba mai iya gadin teku, amma ana iya gadin tashar jiragen ruwa, shi ya sa na fi amincewa da dokar ciniki. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: muddin mai saye yana nan, mai yanka ba zai fasa ba. Yarjejeniyar CITES ta 1973 mai kula da cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar barazanar ƙarewa tsakanin ƙasashe, wadda Kamaru ta shiga a 1981, Cadi kuma a 1989, ta sanya wasu nau'o'in shak a rukuni na biyu a taron Bankok na 2013, sannan a taron Panama na 2022 aka ƙara fiye da nau'i 50. Wannan rukuni bai haramta ciniki ba, sharaɗi ya gindaya: ba a fitar da kaya sai da takardar izini mai tabbatar da cewa an kama su bisa doka, kuma fitarwar ba za ta ƙarar da irin ba. Tarayyar Turai ta wajabta a 2013 a kawo shak gaɓa da fuka-fukansa a jikinsa, Kanada kuma ta hana shigo da yankakken fiffike a 2019.

Ba ƙaramin masuncin Kiribi ko Limbe da ke ciyar da iyalinsa da kifin gaba ɗaya nake zargi ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne jan katin da Tarayyar Turai ta ba Kamaru a watan Janairun 2023, wato hukuncin hana shigar da kifin da jiragenmu suka kama kasuwanninta, saboda manyan jiragen kamun kifi da ke ɗauke da tutarmu ba tare da ana sa musu ido yadda ya kamata ba. Ina roƙon 'yan majalisarmu na arewa su nemi a wajabta kawo shak da fuka-fukansa a jikinsa, a kuma horar da jami'an kwastam na Duwala su iya gane busasshen fiffike idan sun buɗe buhun da aka rubuta wa "busasshen kifi".