Ga mai yawo yana cewa doka ta mutu

Akwai wani bawan Allah a kwamitin tara wa wasannin jami'armu kuɗi, nan Amurka, da ya mai da ofishin kula da bin ƙa'ida abin zaginsa. Duk liyafar da aka shirya wa masu ba da gudummawa sai ya miƙe, ya gyara wuyan riga, ya ce shi ke kawo dala, wasu kuwa cike takarda kawai suka iya. Mu ne wasun, kuma mun ji. Ba zan kira suna ba, ya san kansa.

Abin da yake raɗa wa attajirai shi ne wai tun 2021 an sakar wa kowa mara, a ba yaro ko nawa ne, ta ko ina. Wannan ƙarya ce, kuma ya san ƙarya ce. Gaskiya ne a Yulin 2021 hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta yarda ɗan wasa ya ci kuɗi da sunansa da hotonsa. Gaskiya ne a Yunin 2025 mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun ƙarar da 'yan wasa suka kai NCAA, wanda zai biya tsofaffin 'yan wasa kusan dala biliyan 2.8, ya kuma ba kowace jami'ar da ta shiga tsarin damar raba wa 'yan wasanta kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Na yi murna da hakan, don yaran nan sun daɗe suna zuba gumi wasu na kwashe riba. To amma sulhun nan dai shi ya ce duk cinikin talla daga waje da ya kai dala 600 sai an kai rahotonsa an tantance. Wannan sashen ne malamin ba ya taɓa faɗa wa masu kuɗin.

In ya manta da abin da ya sami jami'ar SMU da ke Dalas, mu ba mu manta ba. Attajiran Dalas ne suka riƙa biyan 'yan ƙwallon Amurka a ɓoye, aka yi wa jami'ar gargaɗi, aka ci gaba. Bill Clements, wanda ya shugabanci hukumar gudanarwarta kuma ya yi gwamnan Tekzas, da bakinsa ya amsa cewa sun amince a ci gaba da biyan. A 1987 NCAA ta soke musu kakar wasa ɗungurungum, a 1988 su da kansu suka kasa fita fili, kuma sai 2009 suka sake taka wasan ƙarshen kaka.  Yaran ne suka watse neman inda za su raɓa.

Haka aka yi a jami'ar USC da ke Kalifoniya. Reggie Bush, ɗan ƙwallonta da aka samu da karɓar kyaututtuka ba bisa ƙa'ida ba, ya tafi gasar ƙwararru ta NFL tun 2006, hukunci bai sauka ba sai 2010: an hana jami'ar wasannin ƙarshen kaka na shekara biyu, aka zaftare guraben tallafin karatu 30. Yara talatin ke nan, waɗanda suna makarantar sakandare ko ƙasa da haka lokacin da aka yi laifin. Wani ya ci nama, wani aka bari da wankin tukunya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yaranmu na Afirka. Kwanaki wani ɗan tsere ya shigo ofis da takarda a ninke cikin aljihun wandon atisaye, gumi ya jiƙa gefenta. An yi masa alkawarin ya tsaya a ɗauke shi hoto a wurin sayar da motoci, a ba shi na kashewa a hannu. Murna yake, yana lissafin abin da zai aika wa mahaifiyarsa. Babu wanda ya gaya masa cewa bizar karatu ta F-1 ta taƙaita aikin da zai iya yi a ƙasar nan, kuma irin wannan tallan na iya jawo masa asarar bizar da karatun gaba ɗaya. Da na yi masa bayani sai ya yi shiru, ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya tambaye ni ko ya riga ya shiga matsala. Wanda ya haɗa cinikin kuwa ɗan ƙasa ne, babu jirgin da zai mai da shi ko ina.

Ba ƙin kuɗi muke yi ba. Da gudummawa ake gyara fili, da ita ake biyan likitan ƙashi da motar tafiya wasa, kuma wanda ya iya roƙon attajiri ya buɗe bakin aljihu muna ganin ƙoƙarinsa. Abin da ba za mu lamunta ba shi ne a ɗauki makomar ɗan mutane a sayi tafi da ita a wurin liyafa.

Saboda haka in cinikin nasa na gaskiya ne, ya kawo kwantiragin, da sunan mai biya, da aikin da yaro zai yi, a shigar a tantance kamar na kowa. Ya kuma daina kiran yara a waya da daddare yana ce musu kada su bari ofishinmu ya sani, don suna zuwa suna faɗa mana.