Wuƙar da na saya wa uwargida

Har yanzu akwai filasta a babban yatsana na dama, saboda haka wanda ya ga kuskuren rubutu ya yi haƙuri.

Kun san dai ba na rabuwa da 'yar wuƙar aljihu, kun kuma san uwargida ba ta rabuwa da aron tawa. Kwali ya zo, a ba ta wuƙa. Zare ya fito a gefen mayafi, a ba ta wuƙa. Salatif ya ɓatar da bakinsa, wuƙa. Sai na ce bari in saya mata tata in huta. Abin da ya kamata in yi minti ɗaya ne: in dubi me take yankawa, in dubi hannunta, in dubi inda za ta ajiye. Kwali da zare da salatif ba sa buƙatar ruwan wuƙa da ya wuce santimita huɗu zuwa shida. Ita kuma ba ta da aljihu, jaka gare ta, kuma duk abin da ya yi nauyi a jakar nan fitar da shi take yi.

Na ga 'yar ƙaramar Victorinox ɗin nan, Classic SD, mai tsawon milimita 58 in an naɗe ta, nauyinta giram ashirin da ɗoriya. Tana da ƙaramin ruwa, da almakashi, da abin gyaran farce, da hantsaki, da tsinken sakace, ga zoben da ake maƙala ta a jikin makulli. Tun 1884 gidan nan yake ƙera wuƙa a Ibach ta ƙasar Suwizalan. Na juya ta na ce wannan ai abin wasan yara ne, ba zan ba matata abin da za a ce na raina ta ba. Na kuma ɗaga Buck 110, wadda ta fito a 1964, ruwanta santimita tara da rabi, nauyinta ya haura giram 200. Ita kam ko ni na san ta yi yawa. Sai na tsaya a abin da na kira tsaka-tsaki: ruwa santimita tara, ƙota ta katako, baƙin ƙarfe mai yawan kabon, da sakata irin ta cikin ƙota. Ba zan kama sunan masu ƙera ta ba, domin su lafiya lau suka ba ni ita. Na ma biya aka zana sunan uwargida a jikin ruwan, wanda ke nufin ba a mayarwa, ba a canji.

Baƙin ƙarfe na zaɓa domin ya fi saurin ɗaukar kaifi a kan dutse. Amma ba shi da kuromiyam ɗin da ke kare ƙarfe daga tsatsa, wanda sai ya kai kashi goma da rabi cikin ɗari kafin a ce ƙarfe ba ya tsatsa. Irin wannan wuƙa sharaɗinta ɗaya: ta taɓa ruwa, a share ta nan take, a ɗiga mata mai. Na san wannan. Na sha faɗa wa wasunku wannan da ɗaga murya.

Kwana biyar kafin ranar da zan ba ta, na zauna na ce sai na ƙara wa wuƙar kaifi. Na jiƙa dutse, na riƙe ta a kan digiri ashirin kowane gefe, na yi ta ja har siririn leɓen ƙarfen nan ya taso a ɗaya ɓangaren, na juya, na gama na goge a bayan tsohon bel na fata. Ta aske gashin hannu sumul. Sai na ji ruwan yana ɗan rawa hagu da dama, na ɗauko sukudireba mai bakin tauraro na ɗaure sukurun tsakiya. Ƙa'idarsa kaɗan-kaɗan ne, kamar kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, ka buɗe ka rufe ka ji. Ni rabin zagaye na murɗa gaba ɗaya. Sannan na wanke ta a famfo da sabulu domin baƙin dutsen ya fita, na share waje da gefen riga, na naɗe, na sa a leda na ƙulle, na sa a kwali. Ruwan da ya shige tsakanin gindin wuƙar da wasoshinta, wato 'yan faya-fayan da take juyawa a tsakaninsu, yana nan zaune, ba iska, ba mai, kwana biyar.

Ranar na so mu kaɗai ne. Sai ga yayarta, ga ƙawarta, ga kuma ƙanenta, wanda kuka sani.

Ta buɗe kwali, ta yaga leda, ta ce, "Kai, yallaɓai, wannan ta farauta ce ko ta gida?" Na ce ta buɗe dai ta ga sunanta. Ta karɓa, ta juya, ta sake juyawa tana neman inda za ta sa farce. A nan ne na tuna matata bahaguwa ce. Shekara nawa muna tare, da hagu take miƙo min komai ina tsokanarta, amma ban tuna ba sai da na ga tana laluben 'yar tsagar farcen nan a gefen da babu ita. Tsagar gefe ɗaya ake yanka ta, don na-dama. Ta kifa wuƙar, ta sa farcen da ta yi wata guda tana reno, ta ja. Wuƙa ba ta motsa ba. Farcen ne ya motsa. Ƙas! Ɗakin ya yi tsit, ƙawarta ta ce "Innalillahi," kamar an yi rashi.

Na ce ta kawo, dabara ce. Na sa nawa farcen, gajere mai kauri wanda ya buɗe wuƙaƙe ba adadi. Na ja, shiru. Na goge hannu a wando na sake ja, shiru. Na yi 'yar dariya na ce sabuwa ce, haka suke. Na dafe ta a gwiwa na kama bayan ruwan da yatsu biyu, suka zame. Na sa gefen riga, rigar ta zame. Gumi ya fara bin bayan kunnena. Sai na tuna dabarar mutanen Savoie ta Faransa, inda ake yin wuƙar Opinel tun 1890: in katakon ƙota ya sha ruwa ya kumbura ya matse wuƙa, sai a buga ƙarshen ƙotar a kan tebur, tsinin ya leƙo. Dabara ce ta gaskiya, amma ga wuƙar da katako ne kawai ya riƙe ta. Tawa tsatsa ce ta riƙe ta, da sukurun da na ɗaure da hannuna. Duk da haka na buga. Na buga sau uku, kowanne ya fi na baya ƙarfi, ina bayani a tsakani game da Faransa. Abin da na samu lotsawa uku ne a kan teburin falo, a jere, suna nan har yau.

"Yaya, ko a kawo filaya?"

Ƙanen nata ne fa. Yana kishingiɗe da waya a hannu, bai ko ɗago kai sosai ba.

Wannan yaron, bari in tsaya a kansa. Shi ne ya ari dutsena na wasa wuƙa, mai fuska biyu, laushin 1000 da 6000, dutsen ruwa, na faɗa masa da bakina ruwa kawai ake sa masa, a jiƙa minti goma. Ya zuba masa man inji. Mai in ya shiga ƙofofin dutsen ruwa ya toshe su, ruwa ba ya ƙara shiga, dutsen sai santsi. Bai tsaya nan ba, ya yi ta wasa wani abu a tsakiyar dutsen kaɗai har ya yi kwari kamar kwale-kwale, alhali ana bin dukan fuskar ne daga kusurwa zuwa kusurwa domin ta ci daidai. Ya dawo min da shi a cikin safa. Safa ƙafa ɗaya. Da na yi magana ya ce ai shi ya ga ya fi kyau yanzu, yana sheƙi. Uwargida ta ce in bar shi yaro ne. Yaron da yake da gemu. Ban ƙara cewa komai ba a lokacin, kuma har yanzu ban ƙara ba, ina dai faɗa muku ne. Safar ma ba tasa ba ce, na gane ta.

To shi ne ya kawo filayar. Na naɗe bayan ruwan da tsumma don kada haƙoran filaya su karce shi, na ja, ta buɗe da wani ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Sunan uwargida na nan, sai dai jan tsatsa ya ci harafi biyu na tsakiya, ga ɗigo-ɗigo har bakin kaifin. Yayarta ta matso ta karanta abin da ya rage da ƙarfi, a hankali, sau biyu.

Mai hankali a nan yake tsayawa. Ni na ce a ba ni takarda. Na riƙe ta a sama da yatsu biyu yadda ake gwajin kaifi, na ce su duba da kyau. Bakin wuƙa shi ne wuri mafi siranta a jikinta, nan tsatsa take fara ci. Takardar ta lanƙwashe. Na sake, ta yage gefe kamar da cokali na yanke ta. Na ce takardar ce ta yi sanyi. Yaron ya ce yanzu ya ciro ta daga firinta.

Saura rufewa. Sakatar cikin ƙota wani siririn ƙarfe ne da ke faɗowa bayan gindin ruwan, sai ka tura shi gefe da babban yatsa, ka fara naɗewa da manuni kaɗan, ka janye babban yatsan daga hanya, sannan ka ƙarasa. Tsarin na-dama ne shi ma, bahago sai ya jawo ƙarfen maimakon ya tura, wato ko da ta buɗu ba ta dace da ita ba. Na ce bari in nuna mata. Na tura sakata, ruwan ya ƙi sauka saboda tsauri, na sa tafin hagu na danna da ƙarfi, ya saki gaba ɗaya. Ban janye yatsan ba. Wuƙar da ta kasa yanka takarda ba ta yi wata shawara ba a kan naman mutum.

Aka kawo filasta, doguwa ce sai an yanka. Aka rasa almakashi. Yaron ya laluba aljihu ya fito da makullansa, a jiki ga 'yar milimita 58 ɗin nan, ja, duk ta goge. Ya buɗe almakashin ya miƙa wa yayarsa. Ta karɓa da hagu ta yanke filastar, ta gyara gefen farcenta da ya karye da ɗan magagarin, ta ɗaga ta tana kallo ta ce, "Kai, wannan ta yi kyau. A ina ake samun irinta?"

Jiya na kwance sukurun, na goge tsatsar da takardar yashi mai laushi, na ɗiga man keken ɗinki a wasoshin, na mayar na ɗaure kaɗan-kaɗan. Yanzu da yatsa ɗaya take buɗewa. Harafi biyun dai ba su dawo sosai ba. Tana cikin durowa a naɗe a tsumma mai mai. Da safen nan wani kwali ya zo, na ji ana tambaya daga ɗaki ina tawa take, na ce tana aljihun wandon jiya.