Majalisar da babu ɗan adawa ko ɗaya a cikinta

A ranar 13 ga Oktoba, 1987, jam'iyyar Liberal ƙarƙashin Frank McKenna ta lashe dukkan kujeru 58 na majalisar dokokin lardin New Brunswick da ke gabashin Kanada. Jam'iyyar masu ra'ayin riƙau, wadda Richard Hatfield ya shafe shekara 17 yana mulki a inuwarta, ta tashi a tutar babu, har shi kansa Hatfield ya sha kaye a mazaɓarsa.

Ba maguɗi aka tafka ba, kuma wannan ne ya sa lamarin ya cancanci nazari. Kimanin kashi 60 cikin ɗari na ƙuri'un ne Liberal ta samu, amma da yake a kowace mazaɓa wanda ya fi yawan ƙuri'a shi ke ɗauke kujerar, ko da ratar ba ta taka kara ta karya ba, sai kusan mutum huɗu cikin kowane goma da suka yi zaɓe suka wayi gari babu mai magana da yawunsu a zauren majalisar da ke Fredericton, babban birnin lardin. Irin wannan lissafi ne mu ma muke bi wajen zaɓen 'yan majalisa a Nijeriya.

A zauren, wanda aka tsara domin gwamnati da adawa su fuskanci juna, 'yan jam'iyya ɗaya ne suka zauna a ɓangarorin biyu, kuma su ne ke yi wa ministocinsu tambayoyi. An bai wa jam'iyyun da ke waje damar aiko da tambayoyi a rubuce, wanda abin a yaba ne, sai dai a ganina bin diddigin da gwamnati ke bayarwa don ganin dama ba zai yi kaifin na ɗan majalisar da ke neman kawar da ita ba.

A zaɓen 1991 Liberal ta dawo da kujeru 46, masu ra'ayin riƙau 3, jam'iyyar New Democratic Party (NDP) kuwa 1, yayin da sabuwar jam'iyyar CoR, mai ƙin daidaita Faransanci da Turanci a harkokin gwamnati, ta samu 8 ta zama babbar jam'iyyar adawa. Ina ganin giɓin da aka bari na shekara huɗu ya taimaka mata. Daga bisani wani kwamiti da gwamnatin lardin ƙarƙashin Bernard Lord ta kafa ya ba da shawarar a riƙa raba wasu kujerun gwargwadon yawan ƙuri'u, amma ba a aiwatar da ita ba.